Lalle, dayin kwali ko gashin kanti: wanne zaki ɗora a kanki in kina son canza kala?

Da zarar Sallah ta matso ko biki ya taso a Nima ko Mamobi ko Fadama a nan Accra, hirar mata kusan ɗaya ce, wance tana neman abin da zai rufe mata furfura, wance tana son kanta ya ɗan yi ja-ja irin wanda ta gani a TikTok, amarya kuma burinta ranar da ta sauke mayafi a ɗakinta ango ya ga wani abu daban. Ga ƴan matan da suka gama sakandare, shekara uku makaranta tana aske musu kai, suna fitowa gashi ya ɗan taso sai zumuɗi, rilaksa da dayi da bilicin duk a wata ɗaya. Toh bari mu baje hanyoyin a faifai, lalle, dayin kwali da ɗan uwansa bilicin, rins, sai gashin kanti mai kala ko wig ne ko gashin doki, kowa ta ga wanda ya dace da kanta da aljihunta da kuma abin da malaminta ya faɗa mata.

Kafin ki kalli hoton da ke jikin kwali ki fara amsa ma kanki abu uku. Kanki akwai rilaksa ko nacural ne? Furfura kike son rufewa ko kala kawai kike sha'awa? Sannan kalar nan ta kwana uku ce ta biki ko da ita zaki zauna? Wallahi yawancin kan da ya lalace a garin nan tambaya ta uku ce aka tsallake, mace tana son kalar sati ɗaya sai ta yi ma gashinta aikin da sai shekara biyu zai fita.

Na fara da lalle don shi muka tashi muka gani a hannun iyayenmu, kuma shi aka fi yi ma mummunar fahimta. Lalle ba ya sa baƙin gashi ya yi haske, ko kaɗan. Abin da ke cikin ganyen yana kama jikin gashin ne ya hau kansa, bai da ƙarfin cire baƙin da Allah ya halitta, kamar ki ɗauki baƙin yadi ki tsoma a jan rini, zai fito baƙi abinsa sai dai in rana ta haska ki ga ɗan ja yana leƙowa. To haka ne, in gashinki baƙi ne sosai kika sha lalle, a ɗaki ba wanda zai lura, sai kin fito tsakar gida da rana. A kan furfura kuwa labari ya sha bamban, farin gashi yana shan lalle ya koma ruwan lemu ko kalar karas, irin gemun tsofaffin nan da kike gani a masallaci, kuma in furfurar taki duk a gaban goshi ta taru to nan ɗin ne zai yi wal. Wasu suna son haka, a kan mace mai duhun fata da furfura jefi-jefi yana fitowa tamkar da gangan aka zana jan zare a kai, gwanin kyau. Amma in rabin kan ya yi fari gaskiya lalle zalla sai mai ƙarfin hali.

Maganin wannan shi ne baba, ganyen da marina ke rini da shi, ana samun garinsa a fakiti wurin masu kayan gyaran gashi, wasu fakitin an rubuta indigo. Hanya biyu ce. In kin haɗa lalle da baba a kwano ɗaya kika shafa, zaki samu ruwan ƙasa, in lalle ya fi yawa ya yi ja-ja, in baba ya fi yawa ya yi duhu. In kuma baƙi kike so sai ki yi hawa biyu, lalle tukuna ki wanke, sannan baba a kai ranar ko washegari. Kwaɓinsu ma ba ɗaya ba, lalle ana kwaɓa shi da ruwan shayi ko ɗan lemun tsami a rufe a barshi wasu awanni ya saki kala, shi kuma baba da ruwa kawai ake kwaɓawa da ɗan gishiri a shafa nan take, in ya jima a kwano ya mutu. Kada kuma ki yanke hukunci ranar da kika wanke, kalar lalle tana ƙara nuna cikin kwana 2 zuwa 3, abin da kika gani ruwan lemu ranar Laraba zuwa Juma'a ya lafa.

Abin da nake so da lalle, yana ƙara ma gashi kauri da sheƙi, ba amoniya ba ƙuna, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ranar Laraba ki shiga kasuwar Nima da ƴan sidi kaɗan kin fito da na wata da watanni. Ta fuskar addini ma hankali kwance, hadisi ya zo a Abu Dawud da Tirmizi cewa mafi kyawun abin da ake canza furfura da shi lalle ne da katam, wani ganye mai duhunta gashi, kuma kala ce kawai ba ya hana ruwa taɓa gashi. Abin da ba a faɗa miki shi ne wahala. Awa 3 zuwa 4 kina zaune da laka a kai an naɗe da leda cikin zafin Accra, gumi na bin wuya, sannan wanki, in gashinki nacural ne mai cika kuma lallen ba a tankaɗe shi da laushi ba, zaki ƙarar da galan ɗin Kufuor guda, babbar jarkar ruwan nan, kina ɗauraya garin bai gama fita ba, don haka ranar da famfo ya kawo ruwa ake wannan aiki ba ranar da ake sayen bokiti ba. Yana kuma busar da gashi, in baki bi da kwandishina da man kaɗe ba kan zai yi ƙarfi ya dinga karyewa wurin taje.

Babban abin da ya kamata ki sani kafin ki kwaɓa, lalle ba ya fita. Yana ɗan dusashewa amma ba ya barin gashin, sai dai sabo ya tsiro ki datse tsohon. Baba kuma ya fi shi taurin kai, duk ranar da kika ɗora bilicin a kan gashin da ya sha baba, kore zai koma. Akwai kuma lallen fakiti da ake haɗa ma gishirin ƙarfe don ya yi saurin kamawa, irin wannan in ya gamu da difelofa, ruwan da ake haɗa dayi da shi, gashin yana iya ɗaukar zafi ya narke. Kenan in har a ranki akwai cewa wata rana zaki yi ruwan zuma ko wata kala mai haske, kada ki fara lalle, in kin fara kin rufe wannan ƙofar na tsawon lokaci. Wani abu kuma da iyaye ya kamata su riƙe, ba a sa ma jarirai lalle, akwai larurar jini da ake kira G6PD wadda take da yawa a nan Afirka ta Yamma, yaron da ke da ita lalle yana iya fasa masa jini, ranar suna a bar ma mai jego kwalliyarta jariri a ƙyale shi.

Yanzu dayis da yomo, baƙin rinin nan da ake zane a hannu ko a rina kai da shi, waɗannan ban ma sa su a cikin zaɓi ba, amma dole a yi maganarsu don su ne mafi arha kuma su aka fi amfani da su. Babu ganyen lalle baƙi a duniya, duk abin da aka ce miki baƙin lalle ne kuma yana kamawa cikin minti 20, sinadarin PPD ne a ciki. Shi wannan sinadari yana cikin yawancin dayin kwali ma, sai dai can an auna shi, a Turai doka ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin ɗari ba bayan an haɗa, amma wanda ake ƙullawa a leda ko a ɗura a kwalba ba suna ba kwanan wata, wa ya auna? Matsalarsa jiki yana riƙe shi. Yau an zana miki dayis a hannu lafiya lau, gobe ma haka, wata rana sai wurin zanen ya yi ƙaiƙayi ya tashi ya yi ruwa, to daga ranar jikinki ya ƙulla gaba da shi har abada, ranar da kika shafa dayi a kai sai fuska ta kumbura ido ya rufe, wasu har numfashi ya sarƙe sai asibiti. Amare su suka fi shiga wannan haɗarin don a sati ɗaya ake musu ƙunshi da dayis a kuma rina kai. In dayis ya taɓa tasar miki ko sau ɗaya, Hajiya ki manta da dayin kwali gaba ɗaya, lalle da baba zalla ne naki.

Sai dayin kwali, irin su Dark and Lovely da Creme of Nature da kuma Bigen na gari da ake kwaɓawa da ruwa, ga su nan jibge a kasuwannin Makola da Madina. Wannan shi ne mai aiki da sauri, minti 30 zuwa 45 an gama, furfura ta rufe ruf, kala kuma kin zaɓa da idonki. Yadda yake aiki, amoniya tana buɗe bayan gashin, difelofa ya shiga ya cinye wani ɓangare na baƙin, kalar ta zauna a ciki. Shi ya sa yake iya abin da lalle ba ya iyawa, wato ɗaga baƙi zuwa ruwan ƙasa ko ja. Difelofa lamba-lamba ne, 10, 20, 30, 40, mai 20 yana ɗaga gashi hawa ɗaya zuwa biyu kuma shi ake rufe furfura da shi, mai 30 ya fi ƙarfi, mai 40 kam ba na gida bane. Bigen na gari shi duhu kawai yake sawa ba ya haskawa, masu furfura ne abokan cinikinsa.

Abu biyu ke ba mata mamaki da dayi. Na ɗaya hoton kwali, wannan matar da kike gani gashinta ba daga baƙi irin namu aka fara ba, ki juya bayan kwalin akwai ɗan jadawali da ke nuna abin da baƙin gashi zai koma, shi ne gaskiyar. Na biyu, dayi ba ya ɗaga dayi. In bara kin rina baƙi, bana kika sayo ruwan ƙasa kika shafa, sabon tsiron da ke gindi ne kawai zai yi haske sauran ya zauna baƙi ƙirin, ki fito da kai kala biyu. Baƙin dayi shi ya fi kowanne wuyar fita, ga shi kuma shi ne malamai suka yi magana a kai, don ranar buɗe Makka da aka kawo Abu Ƙuhafa mahaifin Sayyidina Abubakar kansa fari fat, Annabi (SAW) ya ce a canza masa amma a nisanci baƙi, hadisin yana cikin Muslim. Malamai sun saɓa, wasu sun haramta wasu sun ce makaruhi ne wasu sun sassauta ma matar aure don mijinta, ki tambayi naki malamin. Ni dai ko ba don wannan ba ruwan ƙasa mai duhu ya fi baƙi ƙirin kyau a fuskar da ta fara manyanta, baƙi sosai yana fito da duk wani layi na goshi da gefen ido, kuma in furfura ta sake tsirowa layin fari yana fita fili. Gashi yana tsiro wajen santimita ɗaya a wata, don haka duk sati 4 zuwa 6 zaki koma, kuma gindin kawai ake shafawa, masu mulke kai gaba ɗaya duk wata su ne jelarsu ke ƙarewa.

Masu rilaksa ku matso. Rilaksa ta riga ta karya ƙarfin gashi don ta miƙar da shi, dayi mai difelofa ya zo ya ƙara nasa, shi ya sa ba a haɗa su rana ɗaya, a bar aƙalla sati 2 tsakani, rilaksa a gaba dayi a baya. Bilicin kuwa a kan rilaksa, dan Allah kar ki yarda ko mai salun ta rantse miki. Baƙin gashi in ana cire masa kala sai ya bi ta ja, ya bi ta ruwan lemu, kafin ya kai rawaya, don ki samu kalar da ake kira 27 ko 613, wato ruwan zuma ko fari-rawaya, sai an maimaita, kuma gashin da ya sha rilaksa ba ya kai wa can da ransa, in ya jiƙe zaki ja shi ya miƙe ya ƙi komawa, sai ya tsinke a hannunki. Nacural mai lafiya yana iya jurewa a hannun wadda ta san aiki, amma daga ranar kin ɗauki hidima, sitimin kowane sati, mai, datse baki, ga hunturu in ya sauko daga Disamba zuwa Fabrairu ya busar da shi ƙarƙaf. Sai ki tambayi kanki, kan da yake yini cikin hula da mayafi, daga ke sai maigida sai ƴan ɗaki ke ganinsa, ya cancanci wannan ɗawainiyar?

Ko wane dayi kika saya, ki duba lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, da ranar lalacewa, don kayan da suka sha rana a tebur ba lallai su yi aiki yadda aka rubuta ba, sannan ki shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ki jira awa 48. Kowa na tsallake wannan, kuma shi ne abu mafi sauƙi a duk maganar. A 2019 wani babban bincike a Amurka da ya bi mata sama da dubu 46 ya ga cewa masu yawan amfani da dayi mai zama sun ɗan fi samun kansar nono, kuma abin ya fi fitowa a baƙaƙen mata. Alaƙa aka gani, ba a ce duk mai rini zata kamu ba, amma ya isa ya sa mace ta rage yawan yi ta kuma sa safar hannu.

Tsakanin lalle da dayi akwai rins, wanda mata da yawa ke rainawa alhali shi ya fi dacewa da mai gwaji. Ba amoniya ba difelofa, yana hawa bayan gashi ne kawai, wanki 6 zuwa 10 ya tafi, har ranar da aka yi rilaksa ana iya sa shi. Ba ya haskawa shi ma, amma yana ba baƙin gashi sheƙin ja ko kalar sobolo, wato zoɓo, yana kuma dusar da furfura in bata yi yawa ba. Aibinsa zuba, kin san gumin garin nan, sati na farko kada ki kuskura ki ɗaura farin mayafi ko ki kwanta a farar rigar filo, in ruwan sama ya kama ki a tashar turoturo kuma sai addu'a.

Gashin kanti shi ne hanyar da gashinki ba ya shan sinadari ko ɗigo, kuma duk kalar da ranki ke so akwai ta da lamba, ki riƙe lambobin don kar a miƙo miki abin da ba shi ba. 1 baƙi ƙirin, 1B baƙi mai laushi wanda ya fi kama da namu, 2 da 4 ruwan ƙasa mai duhu, 30 ruwan ƙasa mai ja, 33 ya fi shi duhu, 27 ruwan zuma, 350 jan ƙarfe, 99J kalar sobolo, 613 kuma fari-rawaya na Turawa. Ko Darling ko X-pression lambobin kusan ɗaya ne, kuma mai kitso mai hankali tana iya gauraya biyu, misali 1B da ɗan 30, ya fito ba hayaniya. Sai dai a nan ne maganar addini ta fi nauyi, hadisi ne a Bukhari da Muslim cewa an la'anci mai ƙara gashi da wadda aka ƙara mawa. A kan gashin mutum malamai basu da wata jayayya, inda suka saɓa shi ne zare da ulu da abin da kowa ya gani ya san ba gashi bane, shi ya sa mata da yawa a Zango suka tsaya a kitson zare ko ulu mai kala, kuma wallahi ulu ruwan ƙasa ko ja mai duhu a kan kalaba yana kyau ba kaɗan ba. Ga batun tsarki, hadisin Ummu Salama ya nuna ba sai an tsefe kitso don wankan janaba ba, amma sharaɗin ruwa ya kai fatar kai, malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa in kitso ya matse ko an cusa zare da yawa har ruwa ba ya ratsawa sai an warware. Wig ɗin da aka manna da gulu na sati biyu kuwa, ta ina zaki yi shafar kai a alwala? In wig ne, mai cirewa a ajiye ya fi sauƙi ta kowace fuska.

Ta ɓangaren lafiyar kai, laifin gashin kanti nauyi da ja. Rasta dogo har kugu a kan gashi mara ƙarfi, a ɗaure shi tamau, a ɗora hula, a ɗora mayafi, a sake ɗaura gwaggwaro ranar biki, gaban kai ne ke biya, sannu a hankali goshi yana ƙara faɗi, in aka daɗe ana yi kuma gashin wurin ba ya dawowa. In an gama kitso kika kasa ɗaga gira ko kika ga ƙananan ƙuraje a bakin goshi, ya yi tsauri, a sassauta a ranar, ba jarumta bane shan farasitamol a kwanta. Kada ya wuce sati 6 zuwa 8 a kai. Masu ƙaiƙayi kuma ku jiƙa gashin roba a ruwa da ɗan binega kafin a kitsa, ku ɗauraye ya bushe, yana rage abin da aka shafe shi da shi a kamfani.

Toh wace kala ce zata karɓe ki? Ki bar maganar fara ko baƙa tukuna, ki tsaya bakin taga da rana ba hoda a fuska, ki kara sarƙar gwal sannan ta azurfa. In gwal ya fi haska ki, fatarki mai ɗumi ce, 30 da 33 da 350 da jan lalle duk naki ne. In azurfa ce, ki nemi 99J, 1B, ko ruwan ƙasa mai duhu wanda ba ja a ciki. Mayafanki ma shaida ne, wanda duk ranar da kika yafa sai an ce kin yi kyau, kalar gashin da ke kusa da shi zata karɓe ki. A ganina baƙar mace mai sheƙi ba abin da ya kai mata 99J da 33, suna da zurfi, suna tafiya da fatar. Wankan tarwaɗa ita ce mai sa'a, 30, 4, jan ƙarfe, har 27 in an gauraya da mai duhu a gindi. Fara kuma ta yi hankali da kalar da ta yi daidai da fatarta, 27 zalla a kan fara sai fuska da gashi su haɗe ta fito fayau, 2 ko 4 ko ja mai duhu sun fi fito da ita. Wadda man bilicin ya ɓata ma fuska da ja-ja a kumatu ta guji jan gashi, ƙara nuna wurin yake. 613 kuwa a hoto da fitila da kwalliya yana burgewa, amma da safe ba hoda ba jagira mutum ɗaya cikin da yawa yake karɓa, in kina sha'awa ki gwada a wig tukuna kafin ki taɓa naki. In kina shakka kada ki yi nisa da kalarki fiye da hawa biyu, ko ki sa kalar a jela ki bar gindi da duhu, haka ma sabon tsiro ba zai tona miki asiri da wuri ba.

Kayan ado kuma su bi kalar. Gashi mai ja ko ruwan ƙasa yana son kilif da zobban kitso ruwan gwal, da duwatsun katako ko wuri, baƙi da 99J sun fi tafiya da azurfa da fararen duwatsu. In kalar mai ƙarfi ce ki rage tarkace, abu ɗaya ya isa. Amma kayan da suka fi amfani ba a ganinsu, hular satin ko siliki a ƙarƙashin mayafi maimakon ta auduga mai shanye mai tana goge gaban kai, ribom mai laushi maimakon robar kuɗi da ke tsinka gashi, mataji mai faɗin haƙori. Kuma kada ki rufe kai da danshi, in an ɗauke wuta diraya ta tsaya ki zauna ya sha iska, jiƙaƙƙen kai cikin hijabi shi ke kawo wari da amosani, rinannen gashi kuma a jiƙe ya fi saurin karyewa. Sabulun salo, alata samina ɗin nan, yana wanke kai tas amma yana da kaifi, a kan dayi da rins yana kwashe kala da wuri, ki nemi shamfu mai laushi.

In ni zaki tambaya, mai furfura da ta san ba ruwanta da kala mai haske, ko rilaksa ko nacural, lalle da baba, ta haƙura da zaman awannin. Mai furfura da ba ta da lokaci kuma dayis bai taɓa tasar mata ba, dayin kwali ruwan ƙasa mai duhu, gindi kawai. Mai rilaksa da ke son ɗan canji, rins. Yarinyar da ta fito sakandare da sabon gashi, ta barshi ya yi shekara tana kitso da man kaɗe, in kala ta dame ta ga ulu nan. Mai son ruwan zuma ko 613 don biki ɗaya, ta nemi abin da za a cire bayan biki gwargwadon abin da malaminta ya yarje mata, kar ta ƙona nata.

Amarya kuma lissafin kwanaki ne. In akwai rilaksa a yi ta kamar wata ɗaya kafin ɗaurin aure, gwajin bayan kunne ya biyo, dayi ko lallen kai sati 2 kafin ranar don kala ta zauna kuma in wani abu ya tashi a samu lokacin magani, kitso kwana 3 ko 4 kafin a fara taro yadda zafin kai zai sauka kafin a ɗaura gwaggwaro. Ƙunshin hannu da ƙafa kuma ki ce ma mai lalle ja kike so, in ta nace sai baƙi ki tambaye ta me ta zuba a ciki.